Wajen Wa Ka Zo?

Ni tela ne. Shagona yana Tudun Wada, amma a cikin birnin Zariya aka yanke cibiyata, a gidan da yaro kan iya zura zare a kafar allura tun bai iya wanke rigarsa ba. Kakana ɗinkin hannu ya yi har idonsa ya dushe, aska biyu da aska takwas. Babana ya gaje shi, ni kuma da zamani ya zo na hau keke. Na fara da sana'ata ne saboda ita ta yi mini magana a wuraren da bakina ya mutu.

A farkon 2017 na kwashi adashen da na shekara biyu ina zubi. Kowa ya ɗauka lefe zan haɗa. Ni kuwa abin da ke raina daban, ya kuma daɗe yana cina: tun ina yaro nake jin tsofaffi a zaure suna ambaton Gwanja da Kumasi kamar bayan gari, alhali ni ko Legas sau ɗaya na taɓa zuwa. Bayan sallar Isha na je na durƙusa gaban Inna na ce zan yi tafiya ƙasar waje.

"Wajen wa za ka?"

"Ba wajen kowa ba, Inna. Ƙasa kawai nake son gani."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce a saninta abu biyar ke fitar da namiji daga garinsu: fatauci, neman ilimi, aikin Hajji, zumunci, ko abin kunya. "To kai wanne ne naka?" Na rantse mata ban ci kuɗin kowa ba, ban kuma ɓata 'yar kowa ba. Sai da ta sa ƙanina ya yi kwana uku yana shinshina labari a shago kafin ta sa mini albarka, irin albarkar da ake sa wa wanda ake zaton ya fara samun motsi.

Na sayi jakar goyo ta gwanjo a kasuwar Sabon Gari. Na zuba kaya kala uku, darduma, 'yar buta, tocila, kilishi, almakashi, allurai da zare launi-launi. A aljihun ciki na sa fasfo da katin allurar shawara. Da fasfon ECOWAS, bisa yarjejeniyar 1979, mutum yana iya shiga ƙasashen ƙungiyar ya zauna kwana 90 ba biza, lokacin kuma Nijar da Burkina Faso ba su fita ba tukuna. Abokaina suka ce na zaɓi mugun lokaci, dala ta kai naira 500 a kasuwar bayan fage. Gaskiyarsu ce. Amma na san in na ajiye kuɗin nan wata ɗaya a gida, biki da suna za su cinye shi. Na hau motar dare daga Kwangila.

A Zariya in ka ce Kwatano, mota da shinkafa ake tunawa. Abin da na fara gani bayan na tsallake iyakar Seme na isa Kwatano shi ne 'yan acaɓa, su a can zemijan suke ce musu, duk sanye da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, sun cika titi kamar fara. Ba na jin Faransanci ko na sayen ruwa. Na tsayar da ɗaya na ce "Zongo," ya gyaɗa kai, ya ajiye ni a bakin wani masallaci inda na ji ana cinikin rago da Hausa. Na zauna teburin wani mai shayi, mutumin Tawa, na sha shayi da burodi. Da na tambayi kuɗi ya ce, "Dala arba'in."

Na yi lissafi a zuci, naira dubu ashirin. Gumi ya karyo mini. Na ce, "Haba ɗan'uwa, shayin da zinari aka dafa shi?" Duk teburin aka kwashe da dariya, har wani ya ƙware. Ashe a lissafinsu na sefa, dala ɗaya tamma biyar ce, dala arba'in sefa 200 ke nan, dubu ɗaya kuma jika suke cewa. Da dariya ta lafa sai mai shayin ya goge hannu ya tambaye ni wajen wa na zo. Na ba shi amsar da na ba Inna. Ya yi mini kallon da Inna ta yi mini. Daren nan a ɗakinsu na kwana, mu bakwai a kan tabarma biyu, kuma kafin in bar Kwatano na ɗinke wa biyar daga cikinsu aljihu ko gindin wando.

Wani abu da na lura da shi tun daga nan, ya kuma bi ni har ƙarshen tafiyar: in Bature ya goyo jaka irin tawa yana yawo a rana, ba mai tambayarsa komai. An san halinsu ne. Yara su bi shi suna kiran yobo, shi ke nan. Amma baƙin mutum da hula da jakar goyo, dole wani abu yake sayarwa. Sau huɗu ana tsayar da ni a ce in buɗe jaka a ga maganin basir ko na ƙarfin maza, don Hausawan da suka saba gani da jaka a bakin teku yawanci masu magani ne. Wani dattijo a Lome har fushi ya yi, yana ganin ɓoye masa nake.

A Wida na kwana a gidan da ban san sunan mai shi ba har yau. Garin yana da ɗakin tsafi na mesa, daura da wata babbar majami'ar Katolika, ƙofa na kallon ƙofa. An ce in rataya mesa a wuya a ɗauke ni hoto, na ce na yafe. Daga cikin gari na taka hanyar yashi mai kamar kilomita huɗu, wadda bayi suka bi zuwa jiragen ruwa, har bakin teku inda aka gina ƙofar tunawa da su a 1995. Na zauna na shagala da kallon ruwa, ban farga ba rana ta faɗi. A hanyar dawowa Magariba ta kama ni kusa da rumfar wata mata mai suyar kifi. Na fito da buta, babu ruwa a ciki. Na tsaya ina waige-waige.

Matar nan tana da tsaga a fuska da kafaɗa, da farin wuri a wuya. Ko ba a faɗa mini ba na san ba masallaci take zuwa ba, ba kuma majami'a ba. Ta karɓi butar ta cika ta, ta ɗauki tsintsiya ta share gefen rumfa, ta daka wa yaran da suka taru tsawa suka matsa. Sannan ta nuna mini wata kusurwa da hannu. Na duba inda rana ta faɗi, na ga alƙiblar da ta nuna daidai ce. Da na sallame ta ajiye mini tuwon masara da miyar tumatir. Ta ga ina juya naman ciki da ɗan yatsa, sai ta yi dariya, ta koma ta ɗauko kan kifin ta ɗaga mini shi a gaban fitila.

Ɗanta yana tsaye da rigar makaranta ta kaki, hammata a yage. Na yafito shi, na zaro allura. Ban gama ba sai ga wandon ƙanensa, sai ga zanen maƙwabciya, sai ga gidan sauro. Har ƙarfe sha ɗaya ina ɗinki da hasken tocila, su suna hira da yarensu, ni ina amsawa da Hausa, kowa yana dariya a inda ya ga dama. Mijinta ya shimfiɗa mini tabarma a baranda. Da asuba na ajiye jika ɗaya a ƙarƙashin kwano na tafi. Ban kai titi ba yaron ya biyo ni a guje ya cusa mini ita a aljihu.

Togo ta bakin teku siririya ce, kafin ka gama gyangyaɗi ɗaya ka ratsa ta, kuma iyakar Aflawo a bakin Lome take, kana fita kasuwa kana shiga Gana. A ɗaya daga cikin iyakokin nan wani jami'i ya riƙe fasfona kusan awa biyu yana jujjuyawa, wai hatimi ba ya bugawa sai ya sha ruwa. Yarjejeniya tana takarda, shi kuma yana kan kujera. Na ba shi abin da na ba shi.

A Nima ta birnin Akra na fara cin karo da abincinmu sanye da kayan wasu. Koko da ƙosai da safe, tsire da dare, tuwon zafi, sai shinkafa da wake da suke kira wace, wadda suke dafawa da karan dafi ta yi jawur, a zuba taliya da garin rogo da ƙwai da baƙin yaji. Mu a gida karan dafi na rinin fata ne da ƙarin jini, ban taɓa zaton a tukunyar shinkafa zan gan shi ba. Mai sayarwar, wata Hajiya mai jiki, ta ce da 'yarta, "Yarinya, ka kawo ma baƙo ruwa." Sai ƙaiƙayin malanta irin namu na Zage-zagi ya taso mini, na ce, "Hajiya, ai ki kawo ake cewa."

Ta ajiye ludayi. "Daga ina kake?"

"Zariya."

"To Hausarka a gida ya zauna. Namu ya yi tafiya, ya gaji."

Ban sake gyara wa kowa Hausa ba har na bar ƙasar. Kwana shida ina cin abinci a wurinta, kullum sai ta ƙara mini ƙwai, kullum kuma sai ta gaya wa duk wanda ya zauna cewa ga malamin da ya zo daga Najeriya koya mata magana.

Ranar 6 ga Maris, da Gana ta cika shekara 60 da samun mulkin kai, ina Kef Kos ina kallon faretin 'yan makaranta. Washegari Talata ce, ranar da masunta ba sa shiga teku. Suka baje komayensu a gindin tsohon ginin Turawa inda ake tsare bayi a da, suna ɗinkewa, ni kuma na tsuguna ina kallon yadda suke ƙulla zare, don ɗinki ko na kifi ne ba ya wuce ni. Wayata ta yi ƙara, ƙanina ne, muka yi magana. Ina kashewa sai na ji daga bayana an ce, "Sannu Malam. Ina gajiya?"

Wani tsoho ne siriri, da gajeren wando da gicciye a wuya. Ya ce ya koyar da lissafi a wata makaranta a Sabon Garin Zariya daga 1978. Na miƙe tsaye. Ya tambaye ni unguwar PZ, ya tambaye ni ko jirgin ƙasa yana tsayawa a tasha kamar da, ya tambayi masa da miyar taushe. Hausarsa ta yi tsatsa amma ba ta mutu ba. Na ce, "Baba, me ya dawo da kai?"

"Ku kuka kore ni," in ji shi, yana murmushi.

A watan Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Najeriya. Ya ce ya sayar da firijinsa kuɗin da bai kai na rediyo ba. Maigidan da yake haya a wurinsa, wani Alhaji mai sayar da hatsi, ya raka shi tasha ya ba shi kuɗin mota, ya kuma yi masa alkawarin ajiye littattafansa har ya dawo. Bai dawo ba. Kunya ta rufe ni, na fara ba shi haƙuri kamar ni na sa hannu a dokar. Ya ɗaga hannu. Ya ce su suka fara, a 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, 'yan Najeriya da yawa suka tafi suka bar shaguna da gonakin koko. Ya ɗan bugi jakata ya ce ya gode Allah da ban zo masa da jakar nan mai ratsi-ratsi da muka sa wa sunan ƙasarsu ba.

Shi ma ya tambayi wajen wa na zo. Da na ce ba kowa, sai ya ce, "To yau wajena ka zo." Ya ratsa kasuwa da ni har rumfar wani mahauci Bahaushe, ya sa na ga yankan da idona, sannan muka tafi gida matarsa ta yi fufu da miyar gyaɗa. Ya yi addu'arsa, na yi bisimillata. Duk daren yana tambayata sunayen unguwanni, ina faɗa yana maimaitawa a hankali: Tudun Jukun, Gyallesu, Kongo, Samaru.

Kumasi ce ta canza tafiyar. Na ɓata sau biyu a kasuwar Kejetiya, na ga jana'izar Asante ta ranar Asabar, ja da baƙi, kiɗa da rawa kamar biki. Da yamma na gangara Aboabo na yi Magariba. Bayan an shafa addu'a liman ya juyo ya ce, "Baƙo daga ina?" Ina cewa Zariya, mutum uku suka haɗa baki: sai a kai shi wurin Baba.

Baban yana kwance a kan buzu a wani ƙaramin zaure. Ya haura tamanin, idonsa ya yi fari. Aka ce masa ga Bazazzage an kawo. Ya tashi zaune da kyar, ya laluba ya kamo hannuna da hannu biyu bai saki ba.

"Yaro, cikin birni ko waje?"

"Cikin birni, Baba."

"Alhamdu lillahi. Rimaye suna nan?"

Mahaifinsa ya baro Zariya yana saurayi, a ƙasa, ya biyo ayarin fatake da jakuna zuwa neman goro. Ya yi aure a Kumasi, kullum yana cewa baɗi zai koma, har ya rasu. Shi Baban a nan aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba, amma in ka tambaye shi ɗan ina ne sai ya ce Zazzau. Ya lissafa mini ƙofofin gari kamar mai karanta wuridi, Kofar Doka, Kofar Gayan, Kofar Kona, Kofar Kuyambana, Kofar Tukur-Tukur, bai yi tuntuɓe ba. Ni da aka haifa a ciki sai da na ɗan yi tunani kafin in cike masa sauran.

Sai ya sa jikansa ya buɗe wata adaka. Aka fito da babbar riga ta saƙi, ta yi shuɗi-shuɗi don tsufa, wadda mahaifin ya zo da ita. Ina shimfiɗa ta a cinya na ji tsigar jikina ta tashi. Aska takwas ce, kuma hannun namu ne. Yadda aka cike tambarin baya, yadda aka kashe bakin kowace aska, haka kakana ke yi, haka ya mare ni a kai ina ɗan shekara tara. Asu ya ci gefen aljihun, zaren wuya ya warware kusan taƙi ɗaya. Na ce, "Baba, in ka yarda zan taɓa ta."

Kwana uku na yi a zauren nan. Na shekara goma rabona da irin wannan aikin hannu, yatsuna suka yi ta gardama, na warware sau biyu. Zaren da ke jakata bai dace ba, sai da jikan ya zaga da ni kasuwa muka samo mai kama da shi, muka jiƙa shi a ruwan shayi ya ɗan dushe. Baba yana gefe yana ba ni labarin garin da bai taɓa gani ba, ni kuma ban gaya masa cewa ganuwar ta zube an yi gidaje a kanta ba. Da na gama ya bi ɗinkin da yatsa tun daga wuya har aljihu. Bai ce ya yi kyau ba. Ya ce a sa masa ita.

Ranar da zan tafi ya sa aka kawo ƙwaryar goro, ɗari cif, fari da ja, an naɗe a ɗanyen ganye. Ya ce in kai gidansu.

"Baba, wane gida?"

Ya ba ni sunan mahaifinsa da na kakansa, sunayen da rabin mazan Zariya ke amsawa. Ya ce gidan yana wajen Kofar Kuyambana, a gindin rimi, kusa da marina. Na so in ce masa a Zariyar da, kusan kowane gida a gindin rimi yake. Na haɗiye. Na ce, "In Allah ya yarda, Baba."

Goro ɗari ba ƙaramin kaya ba ne a jakar goyo, kuma goro jariri ne. Kullum sai ka kwance, ka yayyafa ruwa, ka duba ɗaya bayan ɗaya ka cire wanda sankara ta kama kafin ya ɓata saura. Na bar wando ɗaya da takalmi a Kumasi don ya samu wuri. Amma daga ranar na huta da abu ɗaya. Duk wanda ya ce wajen wa ka zo, sai in ce saƙo nake ɗauke da shi zuwa Zariya. Nan take fuska ta saki, a matsa mini a benci.

Na zaɓi hanyar Yeji don in ga Salaga. A Yeji muka wuni muna jiran jirgin fito, wata mata mai buhunan doya ta gasa guda ta raba mana da manja. Ruwan da muka tsallaka zuwa Makango tafki ne da ya taru bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, har yanzu kana ganin kawunan matattun itatuwa sun leƙo daga cikinsa. Salaga kuwa, Gwanjar da tsofaffinmu ke yi wa kirari, ƙaramin gari ne mai ƙura. Tun yaƙin basasar 1892 kasuwarta ta watse ba ta sake komawa yadda take ba. Wani saurayi ya zaga da ni rijiyoyin da ake yi wa bayi wanka kafin a kai su kasuwa. Ya ce fatake daga ƙasar Hausa sukan zo da kanwa da tufafi da fatu, da mutane, su koma da goro. A Wida da Kef Kos na tsaya ina jin haushin Turawa hankali kwance. A nan ban samu wannan sauƙin ba, don na san abin da Zazzau ta yi wa ƙabilun kudancinta a wancan ƙarnin. Na zauna a bakin rijiya da goro ɗari a bayana, na rasa abin da zan ce wa yaron.

Sauran hanyar gudu ce: Tamale, Paga, Wagadugu, Yamai, Doso, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Jibiya, Katsina. Kuɗi ya ƙare a Doso, wani direban babbar mota ya ɗauko ni a kan in ɗinke masa tamfol. Na sauka Kwangila bayan kwana arba'in da huɗu, na rame, na yi baƙi, goro ya koma tamanin da tara. Tara sankara ta ci. Biyu ni na ci a hanyar Yamai don kada barci ya sa a sace jakar, na kuma nemi gafara.

Inna ta dube ni ta dubi ƙunshin. Na ba ta labari. Ta ce, "Ashe dai zumunci ka je. Da ka faɗa tun farko."

Mako biyu ina zagayen Kofar Kuyambana bayan na tashi daga shago. Marinar an cike ta tun kafin a haife ni, shagon caji ne a wurin. Rimaye saura ɗaiɗai. Mai unguwa ya haɗa ni da wani dattijo da ya san asalin gidaje, muka yi ta shiga zaure muna fita. Matsalar da ban zata ba ita ce, maimakon in rasa gidan, sai na samu uku. Kowanne yana da kakan da ya tafi Gwanja bai dawo ba, kowanne sunan ya yi daidai ko ya kusa, kowanne an ce da akwai rimi a ƙofarsa. A gida na biyu wata tsohuwa har kuka ta yi, ta ce yayan babanta ne, an yi masa sadakar arba'in tun ba ta yi wayo ba. A gida na uku maigidan ya tambaye ni ko mutumin ya bar dukiya.

Na kira jikan Baba ta WhatsApp, ya kara masa wayar a kunne. Na zayyana masa komai, gida ɗaya bayan ɗaya, ban rage ba. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke.

"Yaro."

"Na'am, Baba."

"A cikin ukun nan, wane gida ne aka ba ka ruwa kafin a tambaye ka abin da ya kawo ka?"

Na yi tunani. Na ce na farko ne, wata yarinya ta kawo mini a kofin silba tun ina cire takalmi.

"To nan ne gidanmu. Kai musu."

Na kai musu washegari da hantsi, tamanin da bakwai, don na cire biyu na aika wa tsohuwar da ta yi kuka. Maigidan ya kwance ganyen a tsakar zaure, ya sa aka kira maƙwabta, aka yi wa mamacin fatiha. Sannan ya ce in ba shi lambar Kumasi, akwai bikin 'yarsa bayan ƙaramar Salla, ya kamata a sanar da dangi.